Yadda rundunar 'yan sandan ƙaramin gari take aiki a Amurka

Wani malamin makarantar sakandare ya aiko da tambaya, ya ce ya sha jin cewa a Amurka kowane ƙaramin gari yana da 'yan sandansa na kansa, da shugabansu wanda ba ya jiran umarni daga babban birnin ƙasa. Yana son ya san ko haka abin yake, kuma idan haka ne, yaya aka tsara irin wannan runduna, wa yake biyan ta albashi, wane aiki take yi a kullum, kuma mene ne tsakaninta da sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, da kuma FBI, hukumar binciken laifuka ta gwamnatin tarayya.

Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya ta ƙasa, ba ta kuma da Sufeto Janar irin wanda muka sani. Hukumomin tabbatar da doka a ƙasar sun kai kimanin 18,000. Daga cikinsu kusan 12,000 na birane da garuruwa ne, kimanin 3,000 ofisoshin sherif ne, sauran kuwa na jihohi ne da jami'o'i da filayen jiragen sama da yankunan ƙabilun asali. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne kusan rabin rundunonin garuruwan nan ba su da jami'ai goma masu cikakken aiki, alhali rundunar birnin New York ita kaɗai tana da sama da 30,000. Saboda haka idan aka ce "rundunar 'yan sanda" a Amurka, wadda ta fi yawa ita ce mai ofis ɗaya a gefen sakatariyar gari, da motoci uku ko huɗu a fake a baya.

Asalin wannan tsari yana cikin kundin tsarin mulkin ƙasar. Gyara na goma, wanda aka amince da shi a 1791, ya bar wa jihohi duk ikon da ba a ba gwamnatin tarayya ba, kuma kiyaye doka da oda na yau da kullum yana cikin abin da aka bar musu. Su kuma jihohin sai suka ba garuruwa izinin kafa 'yan sandansu. Shugaban ƙasa ba zai iya sauke shugaban 'yan sandan wani gari ba, FBI ma ba ta da ikon ba shi umarni, domin ita aikinta binciken laifukan da suka saɓa wa dokar tarayya ne. Wanda ke naɗa shugaban 'yan sandan gari shi ne magajin gari da amincewar majalisar gari, ko kuma manajan gari, wato ƙwararren ma'aikacin da majalisa ke ɗauka don ya tafiyar da harkokin yau da kullum. A wasu ƙananan garuruwan jihar Louisiana zaɓensa ake yi da ƙuri'a. Sherif kuwa daban yake: a mafi yawan jihohi jama'ar gunduma ne ke zaɓarsa, galibi na shekara huɗu, kuma shi ke riƙe da gidan wakafi na gunduma, da tsaron kotu, da sintiri a ƙauyuka da gonakin da ke wajen iyakar garuruwa. Shi da shugaban 'yan sandan gari babu mai ba wani umarni, sai dai zaman maƙwabtaka da taimakon juna.

Wanda yake son ya fahimci ƙaramar runduna, to ya fara da lissafi kafin ya duba jadawalin muƙamai. Mako ɗaya yana da awa 168. Ma'aikaci ɗaya yana yin awa 40 a mako. Ke nan don a samu mota ɗaya tana yawo a gari dare da rana ba yankewa, ana bukatar mutum huɗu da ɗan ƙari, kuma idan aka haɗa da hutun shekara da rashin lafiya da ranakun zuwa kotu ba da shaida da na ƙarin horo, sai an sami mutum biyar. Yanzu ka ɗauki runduna mai jami'ai goma. Ka cire shugaba, ka cire mai bincike guda ɗaya idan akwai shi, saura takwas, waɗanda a cikinsu akwai sajan ɗaya ko biyu. Abin da wannan zai iya bayarwa shi ne mota ɗaya a kowane lokaci, da ta biyu da yamma da daren ƙarshen mako. Da ƙarfe uku na dare, ɗan sanda ɗaya ne rak yake tsare da garin gaba ɗaya, kuma idan ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa, mai kawo masa ɗauki yana iya kasancewa mataimakin sherif da ke can wani gefen gunduma. Wannan lissafi ne ya sa ƙananan rundunoni da yawa suke aikin awa goma sha biyu a jere, suke dogara da jami'an wucin gadi, kuma shugaban da kansa yake shiga mota ya amsa kira idan wani ya kwanta rashin lafiya.

A lokacin da nake karatu a ƙasar, na taɓa samun izinin raka wani ɗan sanda sintirin dare a wani ƙaramin gari, abin da rundunoni da yawa ke yarda da shi idan mutum ya cika takarda. Daga magariba zuwa asuba ban ga an zare bindiga ba. Kira na farko na wata mata ce da ke wata jiha, tana ta buga wa mahaifinta waya ba ya ɗauka. Muka je muka ƙwanƙwasa, ashe dattijon ya cire na'urar jinsa ne ya yi barci. Sai wata mota da ta buge barewa a bakin gari, aka rubuta rahoto saboda kamfanin inshora. Sai rigimar miji da mata, inda jami'in ya tsaya nesa da ƙofa har sai da mataimakin sherif ya iso kafin ya shiga, ya ce mini irin wannan kira ba a shigar masa mutum ɗaya in dai da hali. Da muka shiga, sunan magidancin ya kira kai tsaye, domin sun yi makaranta tare da ƙanensa. Bayan haka ya bi shagunan babban titi yana taɓa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar an kulle. Sauran daren kuwa, wajen awa biyu, a wurin ajiye motoci na wani gidan mai muka yi shi, yana buga rahoto a kwamfutar da ke maƙale a gaban mota. Na fito da fahimtar cewa mafi yawan aikin ɗan sandan ƙaramin gari sasanci ne da kai ɗauki da rubuce-rubuce, domin shi ne ofishin gwamnati ɗaya tilo da ke buɗe bayan kowa ya tashi daga aiki. Mai taɓin hankali da ya rikice, da wanda ƙwaya ta sumar, da yaron da ya gudu daga gida, duk shi ake kira, shi ya sa a yau za ka tarar da maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta sumar a cikin motocin sintiri da yawa.

Idan gari ya ɗan girma, kamar mai mutum 20,000 zuwa 30,000 da jami'ai arba'in ko hamsin, sai rabon aiki ya fito fili. A ƙarƙashin shugaba akwai mataimaki ko kyaftin, sai laftana, sai sajan, sai sauran jami'ai. Sashen sintiri shi ne mafi girma. Akwai sashen bincike mai 'yan sandan ciki kaɗan da ke sa kayan gida, akwai sashen gudanarwa mai kula da fayiloli da horo da ɗakin ajiyar kayan shaida, wanda galibi fararen hula ne ke aiki a cikinsa, wani lokaci kuma da jami'in da aka ware wa makarantun garin. A ganina sajan ne ginshiƙin wannan gini, domin shi ke karanta kowane rahoto kafin ya wuce, shi ke zuwa wurin da aka yi amfani da ƙarfi, kuma halin da ya yarda da shi a cikin dare shi ne halin rundunar, ko da takardun ofis sun faɗi wani abu dabam.

Akwai bambanci biyu da ya kamata mai karatu daga Najeriya ya lura da su. Na farko, kusan kowa daga ƙasa yake farawa, da sintiri, ko da yana da digiri. Babu wata ƙofa irin ta makarantar 'yan sanda ta Wudil da mutum zai fito da muƙamin babban jami'i kai tsaye, sai dai ana iya ɗauko shugaba daga wata rundunar. Na biyu, babu canjin wurin aiki daga sama, babu kuma bariki. Gari ne ya ɗauke ka aiki, a nan za ka zauna har ka yi ritaya ko ka ajiye ka nemi aiki a wani gari.

Kiran gaggawa na 911, wanda aka fara amfani da shi a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama a watan Fabrairun 1968, yawanci ba ofishin 'yan sandan gari yake shiga ba. Cibiya ɗaya ce ta gunduma ke karɓa, ta tura ɗan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Haka nan idan jami'i ya tsayar da mota, lambarta da sunan direban suna bi ta rumbun bayanai na jiha da na ƙasa wanda FBI ta kafa a 1967, ya ga ko motar sata ce ko ana neman mutumin. Idan an yi kame, ba a barin mutum ya daɗe a bayan kanta. Gidan wakafi na gunduma ake kai shi, kuma bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 1991, wanda aka kama ba da takardar izinin kotu ba dole alƙali ya duba dalilin kamun cikin awa 48. Kafin a yi masa tambayoyi a tsare kuma sai an sanar da shi cewa yana da ikon yin shiru da ikon samun lauya, kamar yadda shari'ar Miranda ta 1966 ta tanada. A mafi yawan jihohi ɗan sanda ba ya gabatar da ƙara. Fayil yake miƙa wa lauyan gwamnati na gunduma, shi kuma ya yanke ko za a je kotu. Idan babban laifi ya auku, kamar kisan kai, ƙaramar runduna takan kira masu binciken jiha, ta aika kayan shaida ɗakin gwaje-gwaje na jiha, domin ba ta da nata. Taron dangi irin wannan yana aiki ne kawai idan an san wa ke jagora. A harin makarantar firamare ta Uvalde a Texas ranar 24 ga Mayun 2022, jami'ai 376 daga hukumomi daban-daban suka hallara, amma aka shafe minti 77 kafin a kutsa ajin, yara 19 da malamai biyu suka rasu, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna babu wanda ya riƙe ragamar umarni yadda ya kamata.

Horo yana hannun jiha. Kowace jiha tana da hukumar da ke tsara mafi ƙarancin horon da za a yi kafin a ba mutum shaidar zama ɗan sanda; ta Kalifoniya, wadda tana cikin na farko, an kafa ta a 1959. Matsakaicin horon farko a ƙasar ya ɗan haura awa 800, wato kimanin wata biyar, sannan sabon jami'i ya yi wasu watanni yana hawa mota da tsohon hannu wanda ke auna shi.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda a wurina ita ce ke bayyana halin kowace ƙaramar runduna fiye da komai. Gari ne ke biyan 'yan sandansa daga harajin gidaje da filaye da harajin saye da sayarwa, kuma a garuruwa da yawa 'yan sanda ne ke cin kaso mafi tsoka na kasafin yau da kullum, wanda akasarinsa albashi ne da fansho da inshorar lafiya. Gwamnatin tarayya takan ba da tallafi, musamman tun dokar yaƙi da laifuka ta 1994 da ta kafa ofishin tallafa wa ɗaukar sababbin jami'ai, akwai kuma shirin da ke raba wa rundunoni rarar kayan soja, amma wannan duk ƙari ne. Garin masu hali yana da 'yan sanda masu albashi mai kyau da sababbin motoci, garin talakawa da ke kusa da shi kuwa sai ya yi ta fama. A irin wannan hali ne wasu garuruwa ke mayar da tarar laifukan hanya ta zama hanyar samun kuɗin shiga.

Garin Ferguson a jihar Missouri shi ne misalin da aka fi bincika. A lokacin binciken, mutanensa kimanin 21,000 ne, kashi biyu cikin uku baƙaƙen fata, amma daga jami'ai 54 huɗu ne kawai baƙaƙe. Bayan da wani ɗan sandan garin ya harbe wani matashi baƙar fata mai suna Michael Brown a ranar 9 ga Agustan 2014, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta binciki rundunar, ta fitar da rahoto a watan Maris na 2015. Rahoton ya nuna cewa a 2010 tara da kuɗaɗen kotu sun kawo wa garin dala miliyan 1.38 daga cikin miliyan 11.07 na asusun gudanarwa, a kasafin 2015 kuwa an yi hasashen dala miliyan 3.09 daga miliyan 13.26, wato kusan kashi 23 cikin ɗari. An samu saƙonnin da daraktan kuɗi na gari yake rubuta wa shugaban 'yan sanda yana neman a ƙara yawan takardun tara, aka kuma gano cewa da yawan tarar da jami'i ya rubuta ake auna ƙwazonsa. Akwai wata mata a cikin rahoton da ta ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a 2007, aka ci ta tarar dala 151. Da yake ba ta da hali, ta kasa biya a kan lokaci, ta kuma rasa wasu ranakun kotu, sai aka kama ta sau biyu, ta kwana shida a tsare, kuma bayan shekara bakwai ta biya dala 550 amma ana bin ta 541. Shugaban rundunar ya ajiye aiki a watan da rahoton ya fito, a 2016 garin ya sa hannu a yarjejeniyar gyara a ƙarƙashin sa-idon kotun tarayya, majalisar jihar kuma ta rage kason kuɗin shiga da gari zai iya samu daga tarar hanya. Abin lura a nan shi ne ba aljihun ɗan sanda kuɗin ke shiga ba, baitulmalin gari suke shiga da rasit, amma ga wanda aka tsayar a hanya zafin ɗaya ne.

Kusanci da jama'a ma kaifi biyu gare shi. Ɗan sandan da ya san kowa yakan gane ɓarawon keke daga kwatance kawai, yakan kuma kwantar da rigima da kalma biyu. Amma shi ne kuma zai tsayar da ɗan magajin gari yana tuƙi a buge, alhali uban ne ke sa hannu a kasafin rundunar. A runduna mai mutum takwas babu sashen binciken laifin jami'ai; wanda za ka kai wa ƙara shi ne wanda ya ɗauki jami'in aiki, wataƙila ma tare suke zuwa farauta. Shi ya sa rundunoni masu hankali suke miƙa duk binciken harbi ga 'yan sandan jiha. Wata matsalar ita ce jami'in da aka kora ko aka tilasta wa murabus a wani gari, sai ya ɓulla a wani ƙaramin garin da ke neman ma'aikaci ido rufe, domin yana da shaidar horo a hannu, ba sai an kashe kuɗi a kansa ba. Abin da ke taka wa rundunoni burki a zahiri shi ne ikon jiha na soke shaidar jami'i, da ƙarar neman diyya a kotun tarayya, da kamfanonin inshorar gari, waɗanda kan ce ko a gyara ko su janye.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar irin wannan tsari ba ce gaba ɗaya, tun da a zamanin En'e akwai 'yan doka da ke ƙarƙashin hukumomin gargajiya, har gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya bayan 1966, kuma ɗaya daga manyan ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansu shi ne amfani da su wajen muzguna wa 'yan adawa. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. Mai son ya kafa hujja da Amurka a muhawarar 'yan sandan jihohi, sai ya tuna cewa ƙaramar rundunar can tana jingine ne da kotunan da ba ta da iko a kansu, da lauyan gwamnati da ba ita ta naɗa ba, da harajin da ake karɓa a kan kari.

Ba kowane gari ne ma yake iya riƙe rundunarsa ba. Tun 1954 garin Lakewood a Kalifoniya ya buɗe wata hanya, inda maimakon ya kafa 'yan sandansa ya ƙulla kwangila da sherif na gundumar Los Angeles, yana biya ana yi masa sintiri, kuma garuruwa da dama sun bi sahu. A 'yan shekarun nan ƙarancin masu neman aikin ya ƙara tura ƙananan garuruwa wannan hanya, domin gari yakan kashe kuɗi ya horar da matashi, bayan shekara biyu babban birni ya ɗauke shi da albashin da ya fi. A watan Agustan 2023, a garin Goodhue na jihar Minnesota, wanda mutanensa ba su kai 1,500 ba, shugaban 'yan sanda ya ajiye aiki bayan ya yi ta kokawa cewa da albashin dala 22 a awa babu mai neman gurbin da ya tallata, sauran jami'an duka suka bi bayansa. Cikin 'yan kwanaki majalisar garin ta daidaita da sherif na gundumar, mataimakansa suka karɓi sintirin garin.